Neman Garmahon Baba Idi

Na bar gidana a Waziriyya ƙarfe biyar da kwata na asubahin Asabar, bayan an sallame salla. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar kuɗi a Jidda. Washegari shugaban makaranta zai zauna a ajina kafin a sabunta mini kwantiragi, darasin kuwa Amurka ce tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da na fara shi makon jiya, rabin ajin barci suka yi.

Mai tasin da ya ɗauke ni, Abu Salma, haifaffen Jidda ne, kakansa Bakatsine. Shi ya ba ni labarin wani dattijo a unguwar Nuzla, Baba Idi, mai garmahon Amurka na wancan zamanin. Na ce ko aronsa na samu, ai ɗalibai sa farka.

A hanya ya ce, "Yalla ustaz, koya mini darasin, in ban yi gyangyaɗi ba ka ci."

Na gaya masa yadda Amurkawa suka samu duniya bayan yaƙi: mota, rediyo, rawa. Gwamnati ta hana giya, aka koma sha a ɓoye. Kowa har wanzami yana sayen hannun jari. A 1929 kasuwar ta rushe, bankuna suka rufe, masu kwat suka shiga layin miyar sadaka. Shugaban ƙasa yana ta cewa sauƙi na nan tafe, da zaɓe ya zo suka sallame shi.

Ya ce, "Wallahi ƙanena ne da kirifto! Bara har sigari mai tsada yake sha, bana a ɗakina yake kwana."

Nuzla

Shida da minti goma 'yan sanda suka tsayar da mu, na nuna iƙama, katin izinin zama, muka wuce. Muka karya da wake da burodin tamis a wani shago, riyal goma sha biyu mu biyu, har da shayi.

Baba Idi muka tarar a ƙofar gida da sandarsa, ya haura tamanin. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, garmaho ba ya nan. Yana Balad, tsohon gari, ɗakin da babana ya zauna. Matata ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da akwati mai magana ba."

Ya shige gaban mota, ni na koma baya. Tun kafin mu hau titi ya fara. Babansa ya zo hajji a ƙafa, ya zauna, ya samu aikin wanke motoci wurin wani Ba'amurke dillalin mota. Mutumin kullum dariya, kullum faifai na juyawa. Wata rana waya ta zo masa daga gida cewa dukiyarsa ta rushe da kasuwar, ya zauna a dakali har azahar. Da zai hau jirgin ruwa, garmahon ya miƙa wa baban.

"Ku kuna cewa abin Amurka ne," in ji Baba Idi. "Har nan ya iso. Alhazai suka daina zuwa, masu ɗaukar kaya a bakin teku suka zauna suna kallon ruwa. Babana ya ce bai taɓa ganin Amurka ba, amma yunwarta ta same shi."

Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna.

Balad

Bakwai da rabi muka ajiye mota, muka taka lungu kamar minti goma. Bene hawa huɗu, matakala duk ta lotsa. Dattijo ya riga mu kaiwa sama, ni ina haki a hawa na uku.

Ya yaye tsohon bargo, ya hure ƙura, ya murɗa hannun garmahon. Da farko ƙara kawai, kamar ana suyar ƙosai. Sai kakaki da ganga suka ɓarke. Baba Idi ya ɗaga sanda sama ya shiga juyi, Abu Salma yana tafi yana cewa, "Ya salam, ya Baba!"

Da faifan ya ƙare na roƙi aro na kwana ɗaya.

"La, la. Ba ya zuwa ko'ina sai da ni."

Na fara lallashi, ya katse ni.

"Ƙarfe nawa ake shiga ajin? Halas, ka turo mota. Kuma a ajiye mini kujera mai laushi."

Gida

Muka mayar da shi Nuzla da garmahon a cinyata, bayan matarsa ta yarda a bar shi a zaure. Na isa Waziriyya sha ɗaya saura, na ba Abu Salma riyal tamanin, ya ce darasin ma ya biya.

Ranar Lahadi minti biyar na samu na yi magana, sauran arba'in Baba Idi ya cinye. Ba wanda ya runtsa. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Abu Salma, da Baba Idi. An sabunta kwantiragina, amma da shugaba zai sa hannu sai da ya ɗago ya tambaye ni ko dattijon nan yana neman aiki.