Ƙahon Asabe na Huɗu

Ku da kuka san Malam Hamisu Mai Teku, ai ba sai na gaya muku inda ake samunsa da hantsi ba. Yana tsakar gida yana farautar rana. Yana da wani tsohon madubin likita da ya saya a gwanjo, irin wanda ake leƙa ƙwayoyin cuta da shi, kuma ba ya aiki sai da hasken rana. Sai ya kife turmi ya ɗora shi, ya duƙa, ya kanne ido ɗaya. Inuwa ta matso, ya ja turmi. Ta ƙara matsowa, ya ƙara ja. Kafin azahar ya zagaye gidan kaf, matarsa Asabe kuwa tana tsaye da taɓarya tana jiran a ba ta turminta. Ni taubashinsa ne, ina da lasisin tsokanarsa, kuma Allah ya sani ban bar lasisin nan ya kwana banza ba.

Da can ma'aikaci ne a ɗakin binciken duwatsu na wata jami'a. Da shekarun nan masu zafi suka zo, fari a gona, tsada a kasuwa, ana ta rage ma'aikata, sai aka haɗa da shi. Ya dawo ƙauyenmu nan gefen Ɗambatta da madubinsa, da akwatin 'yan gilasan da ake ɗora abin leƙawa a kai, da wani buhu mai nauyi. Mu uku muka sauke buhun nan daga mota, muna ta sa masa albarka, don mun ɗauka shinkafa ce. Da aka kwance, sai ga baƙaƙen duwatsu daga wajen Borno. Kai, ranar na yi baƙin ciki!

Da yamma a majalisa Mai Unguwa ya tambaye shi amfaninsu. Hamisu ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan laka ce ta gindin teku. Tun kafin ɗan Adam, akwai teku a ƙasar Arewa."

Mai Unguwa ya dubi gonakin da gero ya ƙone a tsaye, ya ce, "To Malam, tunda kun saba, ka roƙa mana ita ta dawo, ko da rabi ne."

Daga ranar ya zama Mai Teku. Amma dariya ba ta hana shi bayani. Ya ce a cikin tekun akwai wata mitsitsiyar halitta da ido ba ya gani, tana yawo a ruwa. In zamani ya yi mata tsanani sai ta gina wa kanta ɓawo mai tauri, ta shige, ta nutse ƙasa ta yi lamo. In sauƙi ya samu ta ɓalle ƙofa ta fice, ta bar kangon. Kangon ne ya daskare a dutse, shi yake leƙawa. Kuma ba a gane jinsinsu sai da abu biyu: yawan ƙahon da ke jikin ɓawon, da inda ƙofar take. Abin ya bi masa baki har ya zama komai ya gani sai ya ce, "Ƙaho nawa? Ƙofa ina?" Na taɓa kai shi ganin sabon rumbuna, ya zagaya shi ya ce ƙaho ɗaya, ƙofa a sama, sanannen jinsi ne, ba wani abin mamaki.

Ga taurin kai. A shekarar da aka fi shan wuya, wani mai kemis ya zo har gida yana son madubin, zai ba da gero. Hamisu ya ce a kai kasuwa, ya sayar da kekensa da kwat ɗinsa na aiki, ya koma zuwa Ɗambatta a ƙasa. Na ce masa, "Kai yanzu da ƙwaron da ya mutu tun kafin Annabi Adamu za ka ci tuwo?" Ya ce, "Shi ya iya jira, kai ne ba ka iya ba." Sannan akwai ranar da ya jiƙa dutse da ruwan batir a cikin langar auren Asabe, wai zai narka shi. Dutse ko gezau, langa kuwa ta zama rariya.

To, a cikin gilasan nan akwai guda ɗaya mai ɗauke da wani ƙwaro da ya ɗauki ransa ya ɗora a kai. 'Yan uwan ƙwaron duk ƙaho uku gare su, ɗaya a ka, biyu a gindi, ƙofa a gadon baya. Shi wannan yana da na huɗu a kwiɓi, daidai inda wata ɗamara ta zagaye shi. Hamisu ya ce ba wanda ya taɓa ganin irinsa a duniya, kuma a ƙa'idar masana wanda ya gano sabon jinsi shi ke raɗa masa suna. Ya riga ya yanke: sunan Asabe zai sa. Ya ce ya dawo da ita ƙauye hannu rabbana, wannan ne kaɗai abin da zai iya bar mata.

Ina wajen lokacin da ya yi mata albishir. Ta ajiye faifai ta ce, "Malam, matan mutane ana saya musu atamfa, ni ƙwaro mai ƙaho za a sa wa sunana? Me na yi maka?"

Na ce, "Yaya Asabe, ai an yi dace, har kama kuke." Da ƙyar na kai zaure.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikinsa, Dakta guda, ya biyo ta garin ya tsaya gaisuwa. Hamisu jiki na rawa ya kife turmi. Dakta ya leƙa, ya juya, ya sake leƙawa, sannan ya ce cikin ladabi, "Malam Hamisu, ka yi haƙuri. Wannan ba ƙaho ba ne, ninki ne. Dutse ne ya danne ɓawon ya naɗe. Uku ne, an daɗe da saninsa."

Hamisu ya ja da baya. Ya zauna a bakin turmi kamar an zare masa laka, har ni na ji tausayinsa. Sai ga Asabe ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Bawan Allah, ka ci tuwona ka sha furata, sannan ka cire mini ƙaho? Matsa in gani!" Ta duƙa, ta kanne ido, ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Huɗu ne. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ka je a sake maka tabarau."

Dakta ya ce tunda mai ƙaho ta faɗa, shi wane ne. Ya shiga mota yana share hawayen dariya.

Sunan dai bai taɓa shiga littafin masana ba. Da Hamisu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, bai daina ba. Kullum da hantsi Asabe ke kife turmi da kanta, ta duƙa, shi yana zaune a gefe yana tambaya, "Ƙaho nawa?" Ta ce, "Huɗu, Malam." Ya ce, "Madalla," ya nemi kokonsa.

Da Allah ya yi wa Hamisu rasuwa, bayan an yi sadakar bakwai na shiga yi wa Asabe gaisuwa. Don in sa ta murmushi na ce, "Yaya Asabe, tsakani da Allah, na huɗun nan yana nan kuwa?"

Ta dube ni, ta gyara mayafi ta ce, "Wallahi tunda nake leƙa abin nan ban taɓa ganin komai ba sai gashin idona. To amma me zan ce masa?"

Na fara dariya, sai na fasa. Allah ya jiƙan Hamisu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa, ya yafe mini tsokanar da na yi masa. Ita kuma Allah ya ba ta haƙuri, ya haɗa su a Aljanna.