Ranar da Ɗumi-Ɗumi Ya Yi Shelar Ɗansa

Shekara talatin mutumin nan ya yi yana sayar da jarida a mahaɗar titin da ke gaban asibiti, kuma ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Ɗumi-Ɗumi ake ce masa, don da haka yake buɗe baki kullum. Da safe idan motar jarida ta sauke masa ƙunshinsa, sai ya zare guda ya miƙa wa mai askin da ke kusa da shi.

"Karanta mini manyan baƙaƙen kawai."

"Ƙananan fa?"

"Na mai saye ne. Ni ƙofa nake sayarwa, wanda ya biya ya shiga ɗakin."

Sai ya ɗauki kanun ya tauna, ya rage nan, ya ƙara gishiri can. Ba ya faɗin suna, ba ya faɗin unguwa, don a cewarsa wanda ka ƙosar tun a bakin titi ba zai sa hannu a aljihu ba. Direbobi kan ce, "Kai tsoho, ƙaryarka ta fi jaridar daɗi," su saya duk da haka. Da wannan maƙogwaro ya ciyar da 'ya'ya shida, har babban ya zama magini.

To, wata Talata mai aski ya karanta masa cewa bene ya rufta da ma'aikata tara jiya da yamma. Ɗumi-Ɗumi ya ga tara ba ta isa ta tsayar da mota ba. Ya shiga tsakiyar titi.

"Da ɗumi-ɗuminsa! Bene ya rufta da magina, ko ɗaya bai fito ba!"

Kafin hantsi saura uku a hannunsa. Yana cikin gyara murya sai ya hango matarsa tana ratso motoci, takalmi ƙafa ɗaya, ita da ba ta taɓa zuwa wajen sana'arsa ba.

"Maigida, maƙwabciya ta ce daga bakinka ta ji. Ko ɗaya?"

"Ke, me ya kawo ki titi?"

"Babban yaronmu tun Asabar aka mayar da su benen bayan tasha. Matarsa ta aiko, jiya bai kwana gida ba."

Jaridun suka zube daga hammatarsa. Shi bai ma san a wace unguwa benen yake ba. Ya tsinci guda ya juya ta, ya sake juyawa, ƙananan baƙaƙen nan kamar tururuwa, babu ko ɗaya cikinsu da ya ce masa komai. Ya shiga shagon mai aski, ya riƙe masa hannu da reza a kan wani mutum.

"Karanta mini ƙananan."

Mai aski ya dube shi, ya dubi matar, ya ajiye rezar. Ya bi layi da yatsa a hankali. Benen bayan tasha ne. Biyar sun rasu. Huɗu an ciro su da rai, an kai su asibiti. Ba a rubuta suna ba.

"Ka ce ko ɗaya," in ji matar, muryarta can ƙasa. "Huɗu fa."

 Suka tsallaka titi. Ma'aikaciyar jinya ta bi da su gado-gado, ya leƙa fuska uku, ba nasa ba. Na huɗu yana jikin taga, an naɗe masa ƙafa har cinya, ƙurar siminti ba ta gama fita daga sumarsa ba. Uwar ta durƙushe a ƙasa.

Ɗan ya juyo da kai da ƙyar. "Baba, tun safe nake jin ka ta tagar nan. Na gadon can yana ta tambayata, wai wane ne wannan da ya kashe mu duka. Na kasa ce masa babana ne."

Ɗumi-Ɗumi ya matso kusa. Ya zauna bakin gadon, ya sa gefen rigarsa yana goge masa simintin da ke kunne.