Kaset Ɗin Da Na Goge

A shekarun casa'in, lokacin da na fara bin motar Abuja zuwa aiki, aka sake fito da tsofaffin waƙoƙin wani makaɗin kalangu da ya daɗe da rasuwa. Muryar tasa ce, amma an ɗora mata fiyano da gangar inji, an ƙara mata sauri. Duk shagon kaset ɗin da ka wuce a Suleja su ke tashi. Mu samari muka zauce a kansu. Dattawan unguwar Wambai suna cewa an hana mamaci kwanciya lafiya, mu muna yi musu dariya. Ni na fi kowa zaƙewa, don a lokacin gani nake wanda ke kwana a Suleja ya wuni a Abuja ya fi mutanen gida wayewa.

Mahaifina yana da na asalin, a wani kaset da aka kwafo masa daga faifan garmaho, yana ta shuu kamar ana suyar ƙosai. Wuri ɗaya ya sa yake ji da shi. A tsakiyar waƙa ta uku makaɗin ya ambaci kakana, wanda mahauci ne, ya yi masa kirari mai tsawo. Baba ba shi da hoton mahaifinsa ko ɗaya, wannan kirarin ne kawai ya rage masa.

Na san haka sarai. Abin da ban sani ba, don rawa nake yi ba saurare ba, shi ne masu sabon kiɗan sun yanke duk inda aka ambaci mutane. Wata Asabar na aro sabon a wurin abokina, na rasa kaset ɗin da zan kwafa a kai, sai na ɗauko na Baba. An ɓalle 'yan haƙoran samansa don kada a ɗauki wani abu a kai. Na toshe ramukan da takarda, na danna. Har ina yaba wa kaina, wai na raba tsoho da shuu.

Bayan la'asar na kunna masa. Ya saurara har waƙa ta uku ta ƙare, ya mayar baya, ya sake ji.

"Ina nawa?" ya tambaye ni.

"Shi ne wannan, Baba. Gyara maka na yi."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sati biyu ina goya shi a babur muna bin masu kaset, daga kasuwa zuwa unguwar Kurmin Sarki, har Izom ranar kasuwarta. Kowa sabon yake miƙo mana. Wani ma cewa ya yi, "Haba Alhaji, wancan ai tsohon yayi ne, ba ya tafiya."

A hanyar dawowa daga Izom ya ce in tsaya a gindin wani mangwaro. Ya zaro biro da takarda daga aljihu, ya ce tunda ba a samu ba gara a rubuta. Ya faɗi farkon kirarin, ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ashe bin muryar makaɗin yake yi duk shekarun nan, ba tare da ita ba ƙarshen ya kuɓuce masa.

"Kai da ka tashi kana jin sa kullum," ya ce, "ƙarasa mini."

Na buɗe baki, kunya ta rufe ni. Shekara ashirin ana kiran kakana a tsakar gidanmu, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Shi kuwa yana riƙe da biro, yana jira na.