Uban Tsakuwa da Akwatuna Arba'in

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana gadin duwatsu. Ba zinariya ba fa, duwatsu! Shi ne mai kula da sito a ofishin binciken ma'adinai, inda ake jera sandunan dutsen da injin haƙa ke zaƙulowa daga ƙarƙashin ƙasa.

A ƙuryar siton akwai akwatuna arba'in da wani ya rubuta wa "farar ƙasa, ba amfani" tun kafin a haife ni. In gara ta ci katako, Baba ya sauya. In lamba ta koɗe, ya sayo fenti ya sake rubuta rami kaza, zurfi kaza. Abokan aiki suka laƙaba masa Uban Tsakuwa. Inna kan ce, "Malam, ko 'ya'yanka ba ka lallaɓa su haka."

Saura wata biyu ya yi ritaya, sabon manaja ya ce a kwashe tarkacen a cike ramin bakin ƙofa. Ranar Baba ko loma bai kai baki ba. Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, dutse fa!

Washegari ya tare wata masaniyar duwatsu a matakala, ya miƙa mata guntu. "Ranki ya daɗe, na san farar ƙasa. Wannan ya fi ta nauyi a hannu, ga kuma ɗigo-ɗigo kalar zuma." Ta kafa wa guntun madubin gwaji, ta duba shi da kyau. Sai ta ce kada a taɓa ko akwati ɗaya.

Bayan sati uku sakamako ya fito. Ashe dutse ne da ya taso a narke daga cikin ƙasa, wai shi kabonatait, ɗauke da ma'adinan nan masu wuyar samu da ake yin maganaɗisun waya da na mota da su. Masaniyar ta ce, "Baba, ba don lambobinka ba, da ba mu san inda za mu koma mu haƙa ba."

Ranar da manyan baƙi suka cika siton, ina tsaye a baya, hawaye sun ƙi tsayawa. Manaja ya miƙa hannu zai ɗauki sanda guda, sai ya tsaya cak.

"Baba, in taɓa?"

Baba ya gyara hula. "Taɓa mana, ranka ya daɗe. Amma ka mayar inda ka ɗauka."