Zoben Ƙofar Kaka

Malaman tarihi sun ɓata tawada mai yawa a kan ƙofofin birane da na fadar sarakuna, amma ni a iya karatuna, kuma ba kaɗan na yi ba, ban ga ƙofar da ta kai ta ɗakin kakana daraja ba. Ta langa-langa ce, ba ta rufuwa sai an tallafe ta da ƙafa. Jiya na wuce wani shagon kayan gini a unguwar Rusaifa, nan Makka, mai shagon ya jefa zoben ƙarfe a kan fallen kwano, ƙarar ta ce ƙwal, sai na tsinci kaina tsaye a gefen titi, mace mai 'ya'ya uku, ina duba inda zan ruga.

A unguwar Nakkasa na tashi, can saman dutse inda mota ba ta zuwa, sai matakala da numfashi. Kaka, wato mahaifin Innata, malamin makaranta ne a ƙasar Katsina kafin ya zo aikin Hajji ya ƙi komawa. Fasfonsa ya mutu tun kafin a haife ni, iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a binne shi a ƙasarta. Dukiyar da ya zo da ita littafi ne na Turanci marar bango, wanda aka koya musu tarihin Ingila da shi zamanin Turawa. Saboda haka yaran maƙwabta ana yi musu tatsuniyar kura da zomo, mu kuwa labarin 'yan zuhudun Ingila muke sha.

Ya nuna mana hotunan gidajensu, manyan gine-ginen dutse a tsakiyar jeji. Ya ce mutum in ya shiga ya shiga ke nan. Sau takwas suke ibada tsakanin dare da rana, kuma ba a magana a wurin cin abinci, in kana son gishiri sai ka yi ishara da yatsu. A duk faɗin gidan ɗaki ɗaya ake hura wa wuta lokacin sanyi. Ana yi musu tsaga a ɗebi jini loto-loto, su kuwa ɗokin ranar suke yi, domin bayanta ne ake barinsu su huta su ci mai daɗi. Sarakuna suna ba su filaye da tumaki don su riƙa yi musu addu'a, in sun mutu a binne su a ciki.

"Sarki ya yi ɓarna da takobi," in ji Kaka, "sai ya ɗauki masu tuba a madadinsa. Aikin sarauta ba ya barin lokaci."

Amma abin da ya fi burge shi shi ne al'adar mafaka. Mai laifi, ko kisa ya yi, in ya riga dakarun sarki isa ƙofar majami'ar ya kama zoben ƙarfen da ke jikinta, to, hannun sarki ya tsaya. Kaka ya ga wannan doka ta yi kyau ƙwarai, har ya samo zobe daga jikin wani tsohon akwati ya kafa a ƙofarsa. Duk jikan da aka biyo da bulala, in ya kama zoben, ya tsira. Sharaɗin kuwa sai ya yi zaman 'yan zuhudu: ba surutu, ba leƙen waje, abinci gurasa da wake, ga kwafar shafi guda kullum.

Ni na fi kowa daɗewa a ciki. Da bazara ne, irin zafin da in ka taɓa ƙofa da rana sai ka tuna lahira. Inna tana sayar da ƙosai a unguwar Mansur, ta hau da jarkar ruwa tun daga ƙasan dutse, matakala bayan matakala, ta ce in shigar. Ni kuma na ga dacewar in gwada ko jarka tana gangara. Tana gangara. Ruwan ya koma inda ya fito, ya ma riga jarkar isa.

Na kama zoben, takalmin Inna yana shawagi a bayana.

"Fito, ya bint, ke yarinyar nan! Wallahi yau sai kin san ruwa ba daga sama yake sauko mana ba."

Kaka ya leƙo, tabarau a kan hanci. "Halas, shi ke nan, ta kama zobe."

"Baba, kai kake lalata yaran nan. Mu nan Ingila ce?"

"Da Ingila ce ai da ba a yi faɗa kan ruwa ba." Ya juyo gare ni. "Shigo, amarya. Ashe sai kin yi laifi kike tuna mijinki."

Inna ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta kafa a bakin ƙofa tana gyaran wake. Ta ce tana da haƙuri, kuma banɗaki a waje yake.

Kwana uku na yi, ana raka ni banɗaki kamar jakadiya. Ranar farko na ji daɗi. Rana ta biyu na haddace ɗakin: katifa, buta, fanka mai tari, taga ɗaya da tafin hannu biyu za su rufe. Ta cikinta ana hango wani yanki na fitilun Harami, sauran kuwa bangon maƙwabci ne. Ina jin ƙawayena suna wasa a matakala, ƙamshin ƙosai yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya fita abinsa. Kaka ya ba ni labarin wata sarauniya da ta gudu cikin irin wannan gida da 'ya'yanta lokacin da mijinta ya rasa gadon mulki, har ta haifi magajin sarki a ciki. Na ce ai ta huta. Ya ce wanda ke mafaka ba ya hutawa, sauraron takun ƙafa yake.

Rana ta uku na sake karya dokar shiru na tambaye shi ko mutum yana iya zama har abada.

Ya ce a yawancin wurare kwana arba'in ne. In sun cika, ko ka miƙa wuya ga shari'a, ko ka amsa laifinka ka rantse za ka bar ƙasar. Sai a zaɓa maka tashar jirgin ruwa, ka tafi ba takalmi, kai a buɗe, kada ka kauce daga babbar hanya. In ka isa babu jirgi, kullum ka shiga teku zuwa gwiwa, don a ga ba kai ka ƙi tafiya ba. Kuma ba ka dawowa.

"To kai, Kaka, kwananka nawa?"

Ya daɗe yana goge tabarau da gefen rigarsa. "Kin yi magana," ya ce. "Ƙara shafi ɗaya."

Da yamma na fita na miƙa wuya. Inna ta ja kunnena sau ɗaya, ta ba ni ƙosai mai zafi. A ranar na fara lura cewa ni na fito, shi bai fito ba. Duniyarsa daga ɗaki zuwa masallacin unguwa ce. Harami sai lokacin cunkoso, in ya saje da baƙi. Madina bai sake ganinta ba, domin akwai shingen bincike a hanya. Wai fita ba wuya, a dawowa ne ake tambayar takarda.

Bayan wasu shekaru aka yi afuwa: marasa takarda su kai kansu, a ɗauki hoton yatsu, su koma gida ba hukunci. Kawu, ƙanin Inna, ya zo da labarin, haɗe da saƙon ƙanwar Kaka daga gida, tana ciwo, tana son ta ga yayanta.

"Baba, dama ce. Ka je ka ga 'yar'uwarka."

"In dawo ta ina?"



"Na san wannan hanyar," in ji Kaka. "Na koyar da ita a aji. Jirgi ɗaya ne, kuma ba ya juyowa."

Ƙanwar ta rasu bayan Sallah. Ya karɓi gaisuwa a bakin ƙofarsa kwana uku, yana amsa amin, ba ya kallon kowa. Ya sayar da ganin 'yar'uwarsa ya sayi kabari a Makka, kuma ban taɓa jin ya ce cinikin ya yi tsada ba.

Babin ƙarshe na littafin bai cika son karanta shi ba. A nan ne wani sarki ya rufe gidajen zuhudun gaba ɗaya, aka kwashe dalmar rufinsu, aka sallami tsofaffin da suka shekara hamsin ba su taka kasuwa ba. Mu namu babin da jan fenti ya zo. Wata safiya muka ga an rubuta izala a bangonmu, wato rusau, da lamba a ƙarƙashi. Kaka ya sa tabarau ya duba, ya ce hannun marubucin ba laifi.

Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Aka yanke wuta. Ɗakin da muka samu a Mansur sai bayan sati biyu masu shi za su tashi, tsoho kuwa ba ya kwana a kango. Kawu ya durƙusa gabansa ya ce Goggo, yayar Inna da ke aure a Jidda, ta gyara masa ɗaki.

"Sati biyu kacal, Baba. Ni da kaina zan dawo da kai, na san direba, na san hanya."

Kaka ya dubi Inna, ya ga yadda ta rame. Ya dube ni. "Amarya, ɗauko mini takalmina." A goye Kawu ya sauko da shi daga dutsen.

Yanzu ina da iƙama ta hannun mijina, ina koyar da yara a gida, ina wuce shingen nan kamar kowa. Inda gidanmu yake an baje shi, ko matakala ɗaya ba ta saura. 'Ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi a baki, in na ce mafaka sai su tambaya ko manhaja ce. Nakan gaya musu kakansu mutum ne da ya riƙe niyya ɗaya fiye da shekara arba'in, bai sake ta ba don zafi, ko tsoro, ko kukan 'yar'uwa, kuma irin wannan ko a littafin nasa ba su da yawa.

Ya rasu kwana goma sha ɗaya da tafiyarsa. Kawu ya yi ta zirga-zirga har la'asar, ya dawo ya ce gawa ma sai da takarda take shiga Makka.

A Jidda aka binne shi.