Hawan Ƙarshe

A sito Raƙumi ake ce masa, don kullum wuyansa a miƙe yake yana duban sama. Shi ne direban motar ɗaga kaya, kuma a gabansa aka kafa dogayen kantocin ƙarfen nan, layi-layi har suna neman taɓa rufi. Kowane katakon kaya da gurbinsa, wanda ake so sai a zaro shi ba a taɓa maƙwabcinsa ba. Yakan zura cokulan motar, wato dogayen ƙarafa biyun da ke gabanta, ƙarƙashin katako, ya ɗaga, ya dire shi a hawan ƙarshe kamar mai ajiye ƙwai.

Matarsa ce ta fara lura. Zai zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. Ta yi masa zancen asibiti, ya ce gajiya ce kawai. A wurin aiki kuwa ƙarfen sama ya soma rabe masa biyu. Sai ya runtse ido ɗaya ya yi ta lallaɓawa, masu lodi na tsokanarsa wai tsufa ya yi sallama, shi ma yana taya su dariya. Ga 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwarsa kwance ba lafiya, bai ga ta inda zai buɗe baki ba.

Wata safiya ya ɗaga katan-katan na sabulun ruwa. A ganinsa katakon ya zauna daram, ashe gefensa bai hau ƙarfen ba. Yana janye cokulan, kayan suka karkato. Ƙanin matarsa, wani magidanci da Raƙumi da kansa ya samo wa aiki a siton, yana tsaye a layin. Ya yi tsalle, amma kwali ɗaya ya same shi a kafaɗa.

Shugaban sito bai yi faɗa ba. Ya karɓi makullin motar, ya tura Raƙumi wurin likita. Likita ya ce yanar ido ce, da ya zo da wuri da tuni an wuce wurin.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta tsaya jikin ƙofa.

"Baban yara, ko ni ba za ka faɗa wa ba?"

Bai ci abincin ba.

An yi masa aiki, ido ya washe. Amma kafaɗar ƙanin matarsa ba ta koma daidai ba; in ya ɗaga hannun, ba ya wuce kunne. Mutumin bai riƙe shi a zuci ba, har ba'a yake masa, wai tuntuni aka ce raƙumi ba ya ganin na ƙasa. Wannan ba'ar ta fi zagi ci masa rai.

Da aka ce ya koma kan motarsa, ya roƙi a bar shi a ƙasa. Yanzu naɗe kaya yake da leda a bakin ƙofar lodi. In sabon direba ya ɗaga katako sama, sai ya saki ledar ya bi layin yana korar mutane, ko da babu kowa kusa. Masu lodi sun daina dariya, matsawa kawai suke yi.