Daddawa a Kan Rufin Mota

Matso kusa ka ji, don wannan ba na faɗarsa da ƙarfi.

Shekarar da na bi maigida Guangzhou, ni da ko unguwa sai an yi da gaske nake fita, ya sayi wata mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu har da ɗan firiji. Kafin a loda ta a jirgin ruwa a Huangpu, muka zauna cikinta a wani fili a Panyu. Cikin firijin nan allurarsa ta ciwon suga take. Tun a Kano likita ya ja mini kunne, in ta sha zafi ta tashi aiki.

Rana ta huɗu da hantsi na ji shiru. Gurnanin firijin da kunnena ya saba da shi ya ɗauke. Na taɓa kwalbar allurar, sanyinta ya fara gudu, ga garin kamar an rufe mu a tukunyar dambu. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma.

Maigida ya ce batir ne ya sauka. Tayar da inji ya caja shi babu hali, an riga an tsiyaye mai saboda jirgi. Ya kira wani makanike ɗan ƙasar. Mutumin ya duba fis, ya goge kan batir, ya ɗora abin awonsa, ya nuna da hannu cewa wuta ce ba ta shiga. Sabon batir fa? Ya ce meiyo, wato babu, sai jibi. Jibi! Na dubi maigida, leɓensa ya bushe.

Sai mutumin ya hau tsanin bayan motar. Can ya leƙo riƙe da zanina, yana toshe hanci.

Daddawata ce da kuɓewa. Laimar garin ta sa sun fara fumfuna, na hau rufin motar na ga wani baƙin gilashi mai zafi, na shimfiɗa zanina a kai na shanya su kwana biyu. Ashe shi ne solar da ke caja batir.

Maigida bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Hajiya, kin ba daddawa ranar tamu duka.”

Kafin la’asar firiji ya dawo da gurnaninsa. Amma wa ya san ko allurar ta mutu? Da ya yi ta, na zauna gabansa ina kallon idonsa, ina salati a zuci, har ya auna ya ce sugan ya sauka.

Da a kujerata kake a ranar, za ka iya haɗiye ko ruwa?